Shahadar Mai Bincike: Yadda Ilmi Ke Shiga Mujalla



Da wuya mako ya shige, a wannan zamani namu, ba mu ji mai karanta labarai ya ce "binciken masana ya nuna" kaza da kaza ba, yau a ce abu kaza yana ƙara lafiya, gobe a ce shi ne ke jawo ciwo, har mai hankali ya rasa wanda zai riƙa. To, da yake galibin waɗannan maganganu daga tushe guda suke fitowa, watau maƙalar da wani mai bincike ya rubuta aka buga masa a mujallar kimiyya, na ga ya kyautu mu zauna yau mu dubi maƙalar nan ita kanta, yadda ake wallafa ta, da ƙofofin da take bi kafin ta fito sarari, da iyakar yardar da ya halatta mu ba ta. Domin kada maganar ta tafi a iska kuwa, zan ɗauko misali daga ƙasarmu, daga wata cuta da kowane ɗayanmu ya san sunanta.

A watan Janairu na 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya mai suna Laura Wine, wadda ke aiki a asibitin mishan da ke Lassa, wani gari na ƙasar Margi cikin jihar Borno ta yau, ta kwanta da zazzaɓi mai tsanani, aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba, aka ba ta na kashe ƙwayoyin cuta bai yi ba, daga bisani aka ɗauke ta a ƙaramin jirgin sama zuwa Jos, can rai ya yi halinsa. Ba a jima ba wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta bi ta. Ta ukun, Lily Pinneo, da ciwon ya kama ta, sai aka kai ta Ikko, daga nan New York, ta sha doguwar jinya, amma da sauran shan ruwanta a gaba. Jinin waɗannan mata shi aka aika jami'ar Yale, inda Jordi Casals da Sonja Buckley suka tsamo wata ƙwayar cuta wadda ba a taɓa sanin irinta ba, aka sa mata sunan garin. Casals kansa ya kamu a ɗakin gwaji, aka ɗura masa ruwan jinin Pinneo, ya tashi. Wani ma'aikacin wurin kuwa ya kamu bai tashi ba. Da shekara ta kewayo, a farkon 1970, cutar ta sake ɓulla a Jos, likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke tana cikin binciken gawa, a watan Fabrairu ita ma ta cika.

Da a nan al'amarin ya tsaya, da abin da ke hannunmu labarin baƙin ciki ne kurum, a yi ta ba da shi shekara biyu ko uku, kowane mai riwaya ya ƙara nasa, sa'an nan a manta. Abin da ya fitar da shi daga babin labari ya shigar da shi babin ilmi shi ne, a tsakiyar 1970, wata mujallar Amurka ta likitancin ƙasashe masu zafi ta buga jerin maƙalu a kan cutar: ɗaya ta siffanta alamominta da abin da aka gani a jikin mamatan, ɗaya ta ba da ƙissar Casals da ruwan jinin da aka sa masa, ɗaya kuma ta bayyana yadda aka ware ƙwayar da yadda aka tabbatar sabuwa ce. Sunan likita Troup yana bisa ta farkon, alhali tana kushewa. Daga ran nan likitan da ke Saliyo ko Laberiya, wanda bai taɓa taka Jos ba, yana iya duban majinyacinsa, ya dubi takardar, ya ce wannan da wancan abu guda ne. Akwai ɗaci a cikin zancen, ba zan ɓoye ba, gama binciken ƙwayoyin gadon cutar da aka buga a 2015, wanda masanan Nijeriya irin su Farfesa Christian Happi suke cikin mawallafansa, ya nuna cewa ta haura shekara dubu a wannan ƙasa. Ke nan Allah kaɗai ya san adadin kakanninmu da ta ɗauke ba a san sunanta ba, sai ran da ta faɗa wa mutanen da ke rubuta zafin jikin majinyaci safe da yamma, su adana jininsa a kwalba, su aika wa wanda zai duba.

To, mene ne ke cikin irin wannan takarda? Wanda bai saba ba, in ya buɗe ta, zai ga ba ta da armashi ko kaɗan, ba azanci, ba karin magana, sai jadawali da alƙaluma. Amma wannan bushewa da gangan ce, domin an tsara ta ne bisa tsarin shahada a gaban alƙali. Bayan take da taƙaitaccen bayani na 'yan layuka, inda mafi yawan masu karatu ke tsayawa, sai muƙaddima, a nan mawallafi zai faɗi abin da magabatansa suka riga suka sani a kan mas'alar, da giɓin da suka bari, da tambaya guda wadda shi ya tashi amsawa. Sa'an nan ya zo ga babin hanya, wanda a ganina shi ne ruhin maƙalar baki ɗaya, ko da yake shi ne malalacin mai karatu ke tsallakewa: mutum nawa aka gwada, yaya aka zaɓe su, wa aka cire kuma don me, wane awo aka yi da wace na'ura, wane lissafi aka bi, kuma in a jikin ɗan Adam aka yi gwajin, wane kwamitin ɗa'a ne ya ba da izni, su mutanen kuma sun yarda bayan an fahimtar da su ko kuwa, sharaɗin da likitocin duniya suka rattaba a Helsinki tun 1964. Ƙa'idar wannan babi ita ce a rubuta shi dalla-dalla, har wani masani da ke wata nahiya, wanda ba ya ƙaunarka, ya iya maimaita aikin ba tare da ya tambaye ka kome ba. Bayan hanya sai sakamako, tsirara, ba tawili, wanda ya yi wa mai bincike daɗi da wanda ya ɓata masa rai. Daga ƙarshe ne kaɗai ake ba shi fili ya yi sharhi, ya faɗi abin da yake zaton sakamakon ke nufi, kuma wajibi ne a kansa ya ambaci raunin aikinsa da bakinsa kafin wani ya ambata masa.

Bari in ɗan ratse. Wani masanin Ingila, Peter Medawar, wanda ya sami kyautar Nobel a 1960, ya taɓa yin jawabi a rediyon BBC a 1963, inda ya tuhumi wannan tsari da cewa akwai ruɗi a cikinsa; ba yana nufin alƙaluman ƙarya ne ba, yana nufin takardar tana nuna kamar mai bincike ya bi miƙaƙƙiyar hanya daga tambaya zuwa amsa, alhali a haƙiƙa da zato ya fara, ya yi ta kai da komo, ya ɓata ya dawo. Maganarsa gaskiya ce, kuma ya kamata ɗalibi ya san haka don kada ya karaya ran da nasa aikin ya rikice. Sai dai ni ban ga aibi ga shaida ba don ya tsara maganarsa kafin ya tsaya gaban shari'a, muddin bai ƙara ba bai rage ba. Alƙali ba tarihin wahalarsa yake nema ba, abin da ya gani yake nema.

Mu da muka tashi a zauren malamai ba baƙi ba ne ga wannan ɗabi'a. Malaman hadisi tun ƙarnonin farko ba su karɓar matani sai da isnadi, suka kafa fanni sukutum na jarhi da ta'adili, inda ake bin maruwaita ɗaya bayan ɗaya, a san wane ne adali mai kiyayewa, wane ne mai mantuwa, wane ne ake tuhuma da ƙarya. A ƙasarmu ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukhi domin ya lissafa shehunan da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. Jerin maƙalun magabata da ake sawa a ƙarshen kowace takardar kimiyya ɗan'uwan wannan ne: kada ka jingina wa kanka abin da ka ɗauko, kada kuma ka jingina wa wani abin da bai faɗa ba. Amma akwai bambanci babba wanda ya wajaba a lura da shi. Mai hadisi ba shi da ikon komawa ya ji da kunnensa, don haka dole ya dogara ga adalcin maruwaici, mai kimiyya kuwa abin da ake ba shi labari yana nan bai tafi ko'ina ba, ɓera yana nan, jini yana nan, tauraro yana nan, saboda haka tambayarsa ta wuce "wa ya faɗa?" ta kai ga "yaya ka yi ka gani, ni ma in na yi haka zan gani?" Shi ya sa a wannan fage girman suna ba hujja ba ne, ɗalibi yana iya rushe maganar shehinsa in awonsa ya fi inganci.

Ita mujallar kanta ba ta daɗe ƙwarai ba in an gwada ta da littafi. Kafin zuwanta masanan Turai ta wasiƙa suke sanar da juna, kowa yana tsoron a sace masa, har Galileo a 1610, da ya hango wani abu game da taurarin Zuhalu da Zahra, sai ya rubuta jimlar ya hargitsa haruffanta ya aika, domin ya riƙe haƙƙin riga-gani ba tare da ya faɗi abin da ya gani ba. A watan Janairu na 1665 aka fara buga wata mujallar masana a Faransa, a ranar 6 ga Maris na shekarar kuma Henry Oldenburg, Bajamushe, magatakardan ƙungiyar masana ta Landan, ya fitar da Philosophical Transactions, wadda har yau ba ta daina fita ba. Cinikin da ya ƙulla da masana mai sauƙi ne: ka ba mu abin da ka gano mu bayyana wa duniya, mu kuma mu rubuta sunanka da ranar da ya iso mu, kowa ya shaida kai ne na fari. A kan wannan ciniki aka gina duk abin da ya biyo baya, shi ya sa har gobe za ka ga an rubuta a gindin maƙala ranar da aka karɓe ta da ranar da aka amince da ita.

Tsakanin waɗannan ranaku biyu ne mai bincike ke shan azaba. Zai zaɓi mujallar da ta dace da fanninsa da nauyin abin da ya samo, ya aika mata ita kaɗai, gama haramun ne a wannan sana'a a kai takarda guda gida biyu lokaci guda. Edita zai fara dubawa, sau da yawa ya mayar da ita cikin 'yan kwanaki ba tare da kowa ya gani ba. Mujalla irin Nature, cikin takardu goma da aka aika mata, da ƙyar ɗaya ke fita. In ta tsallake wannan, sai a miƙa ta ga masana biyu ko uku na fannin, waɗanda galibi mawallafi bai san ko su wane ne ba, kuma galibi ba a biyansu ko anini, su bi ta layi layi, su ce mutanen da aka gwada sun yi kaɗan, ko lissafin bai dace ba, ko hukuncin da aka yanke ya fi ƙarfin dalilin da aka kawo. Sa'an nan a mayar wa mai ita, ya amsa kowace suka ɗaya bayan ɗaya, inda suka yi daidai ya gyara, inda suka kuskure ya kawo hujja cikin ladabi, wani lokaci ya koma ɗakin gwaji ya ƙara wata shida. Takarda takan yi wannan zirga-zirga sau biyu ko uku, shekara ta ƙare ba ta fito ba. Shawarar da manyan malamai ke ba ɗalibansu a nan ita ce, in rahoton masu tacewa ya zo, ka karanta, ka ajiye, ka kwana, kada ka amsa da zafin ranar farko.

Da Albert Einstein ya sami mai ba shi wannan shawara, da ya huta. A 1936, yana Amurka, shi da abokin aikinsa Nathan Rosen suka aika wa mujallar Physical Review takarda suna da'awar cewa raƙuman nan na girgizar sararin samaniya, waɗanda nazariyyarsa ta riga ta yi bushara da su, babu su. Edita John Tate ya miƙa wa wani masani, masanin ya rubuto shafi goma yana nuna inda lissafi ya karkace. Einstein, wanda ya saba da al'adar Jamus inda edita da kansa ke yanke hukunci, ya fusata, ya rubuta cewa bai ba da iznin a nuna wa kowa takardarsa kafin a buga ba, ya janye ta ya kai wata mujalla. Ana nan sai shi wannan mai tacewa, Howard Robertson, ba tare da ya bayyana kansa ba, ya bi ta hannun mataimakin Einstein ya fahimtar da shi kuskuren, kuma da takardar ta fito a 1937 hukuncinta ya juya. A watan Satumba na 2015 na'urorin LIGO suka kama waɗannan raƙuma, aka buga labarin a Fabrairun 2016 da sunayen mawallafa sama da dubu. In mutum kamar wannan yana bukatar a duba masa lissafi, ban san malamin jami'ar da zai ce shi ya wuce nan ba.

Sai dai kada mai sauraro ya ɗauka cewa abin da ya bi ta wannan tacewa ya zama yaƙini. Masu tacewa ba su maimaita gwajin, takarda kurum suke gani, in an shirya musu ƙarya da kyau tana iya wuce su. Ko babu ƙarya ma, maƙala ɗaya shaida ɗaya ce. Mu koma ga zazzaɓin Lassa. Takardar 1970 ta ce an sa wa Casals ruwan jinin wadda ta warke, ya tashi, kuma gaskiya ta faɗa. Amma mutum guda ne, wa ya san ko da ba a sa masa ba zai tashi? Shekara goma sha shida bayan haka, a 1986, Joseph McCormick da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Saliyo a kan majinyata masu yawa, suka ce ruwan jinin bai rage mutuwa ba yadda za a dogara da shi, amma maganin ribavirin ya rage, musamman in an fara shi cikin kwana shida na farko. A kan wannan takarda asibitocin Afirka ta Yamma suka dogara fiye da shekara talatin. Daga 2019 kuma wasu masana suka sake bin ta da sauran bayanan gwajin, har da waɗanda ba a buga ba a wancan lokaci, suka ce yadda aka kasa majinyatan da yadda aka gwama su yana da rauni mai yawa, hujjar ba ta kai ƙarfin da aka ɗauka ba, ana bukatar sabon gwaji. Ba ina cewa kowa ya ƙi maganin da likita ya ba shi ba, ko kusa. Wanda ya ji zazzaɓin da ya ƙi jin magani ya gaggauta zuwa asibiti. Abin da nake nunawa shi ne an iya yin wannan bita ne domin mutanen 1986 sun rubuta hanyarsu, sun bar ƙofar da za a shiga a tuhume su. Haka kuma sanin da muke da shi yau cewa ɓeran nan mai yawan nonuwa shi ke ɗauke da cutar, wanda ya sa ake ta yi mana gargaɗin rufe abinci da daina shanya a bakin hanya, daga wata maƙala ya fito, wadda Thomas Monath da abokansa suka buga a 1974 bayan sun kama ɓeraye a Saliyo. Ita kuwa an maimaita ta a ƙasashe da dama, ta tabbata.

Wani lokaci kuwa ɓarnar takan wuce rauni ta kai ga ha'inci. A 1998 mujallar Lancet, wadda tana cikin mafiya daraja a duniya, ta buga takardar Andrew Wakefield a kan yara goma sha biyu kacal, wadda ta jefa wa iyaye shakkar cewa allurar rigakafin ƙyanda tana da alaƙa da wata larurar ƙwaƙwalwa. Manyan bincike a kan dubban ɗaruruwan yara ba su ga wannan alaƙa ba, aka gano an murɗa bayanan, a 2010 mujallar ta janye takardar, hukumar likitocin Birtaniya ta soke sunansa. Amma shekara goma sha biyu ta riga ta wuce, iyaye da yawa sun ƙi allurar, ƙyanda ta dawo inda da an kore ta.

Yanzu sai in juyo gida, inda maganar ta fi yi mini nauyi. A jami'o'inmu, kamar sauran na duniya, malami ba ya hawa daga mataki zuwa mataki sai da maƙalu, wannan kuwa daidai ne a asalinsa, gama wanda aka ɗora wa amanar ilmi ya kamata a ga abin da ya ƙara. Amma da aka mayar da abin ƙidaya, aka ce kawo goma ka zama kaza, kawo ashirin ka zama kaza, sai kasuwa ta buɗe. Aka sami mujallun jabu a intanet, masu sunaye ƙasaitattu, waɗanda ke aiko wa malami wasiƙa suna yabonsa, ya tura takarda ranar Litinin, ya biya kuɗi, kafin Juma'a ta fito, ba wanda ya karanta ta, ko editan. A 2013 wani ɗan jarida masanin kimiyya, John Bohannon, ya ƙaga takardar ƙarya a kan wani maganin ciwon daji, ya cusa mata kurakuran da ɗalibin shekarar farko zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Abin da ya fi sosa mini rai a ƙissar shi ne sunayen mawallafa da cibiyoyin da ya ƙaga na Afirka ne. Ga kuma wata al'ada da ta yaɗu, ta "sa sunana in sa naka", mutum biyar kowa ya rubuta ɗaya su tashi da biyar biyar. Ga shugaban sashe da ke shiga kowace takardar ɗalibansa ko bai karanta ba. Ga mai yanka bincike guda gunduwa-gunduwa don ya haifi takardu huɗu. Ga mai kwafe sakin layin wani ya manna. Duk wanda ya sa sunansa a bisa maƙala cewa yake na gani, na kuma ɗauki alhakin abin da ke ciki, wanda ya faɗi haka kuwa bai gani ba, malamanmu na fiƙihu sun san sunan wannan: shaidar zur.

Ba zan zalunci malamanmu ba, uzurinsu yana da yawa. Mutumin da ke koyar da ɗalibai ɗari biyar, wutar lantarki ta ɗauke masa samfurin da ya tara ya lalace a firji, sinadarin gwaji sai an yi odarsa da dala, sa'an nan ya rubuta da harshen da ba nasa ba, ba daidai yake da takwaransa na Boston ba. Manyan mujallu kuma sun tsawwala: Nature, da ta buɗe ƙofar a buga takarda kowa ya karanta kyauta daga 2021, ta sa wa mawallafi kuɗin da ya kai yuro 9,500. Amma uzuri bai mayar da jabu sahihi ba, kuma hanyoyin halal ba su toshe ba. Mujallu masu mutunci da yawa suna yafe kuɗin ga masu bincike na ƙasashe matalauta in an roƙa, wasu ba su karɓar kome tun asali, ga kuma dandalin mujallun Afirka na AJOL, wanda aka fara tun 1998, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallu, da yawansu na jami'o'in Nijeriya ne. Abubuwan da ke gabanmu kuwa, sanƙarau da ke zuwa da bazara, da gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, da ƙudujin da ke cinye gonar dawa da gero, duniya tana son ta ji su daga bakin wanda ke zaune a wurin, in ya auna da kyau ya rubuta da gaskiya.

Saboda haka kirana yana ga majalisun jami'o'inmu da kwamitocin ƙarin girma, tun daga Sakkwato da Kano da Zariya har Maiduguri da Yamai da Maraɗi: ku daina ƙirga takardu kamar buhunan gyaɗa a kan sikeli. Ku ce wa mai neman girma ya zaɓo uku ko huɗu da ya fi alfahari da su, ku ba masanan waje su karanta babin hanya, ku kira shi ya zauna gabanku ya faɗi da bakinsa wane ɓangare na aikin ne hannunsa ya yi. Takardar da ta fito a mujallar da ba ta tacewa kuwa kada ta sami maki ko ɗaya. Ku kuma 'yan'uwana ma'aikatan gidajen rediyo da jaridu, duk ran da takardar "bincike ya nuna" ta iso teburinku, kafin ku karanta wa jama'a, ku nemi sanin wace mujalla ce ta buga, mutum nawa aka gwada, a jikin ɗan Adam ne ko a jikin ɓera, wa ya biya kuɗin aikin, kuma ko akwai wanda ya maimaita ya sami abin da aka samu. In ba ku sami amsa ba, ku faɗa wa masu sauraro cewa ba ku samu ba.